Kankare a kan tsohuwar kwalta: wane titi ne a Zariya zai karɓi wannan magani?

Tun da Injiniya David Umahi ya hau kujerar Ministan Ayyuka a watan Agustan 2023 ya nuna cewa shi kankare ya sa a gaba, maganar ta bar ofisoshin Abuja ta shigo tashoshin mota da majalisun unguwa. A Zariya ma haka take. Direban da ke jigila tsakanin Kwangila da Kano zai ce maka kankare cin taya gare shi. Mai shagon da damina ta bar wa tafki a ƙofa a Tudun Wada zai ce da ma a zubo kankaren kowa ya huta. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan musu ita ce: idan titi ya gaji, shin ana iya barin tsohuwar kwaltar a inda take, a shimfiɗa mata kankare a sama, a ce an gama?

Ana iyawa. An haura shekara 100 ana yin haka a wasu ƙasashe. Sai dai ba kowane titi ne ke karɓar maganin ba, kuma yawancin titunan da suka fi ba mu ciwon kai a cikin gari suna cikin waɗanda ba sa karɓa.

Abu uku ne ake kira da suna ɗaya

Idan Bazazzage ya ce "titin kankare", yana iya nufin ɗayan abu uku. Akwai hanyar da aka gina da kankare tun daga tushe, aka haƙe ƙasa, aka yi ciko, aka shimfiɗa rodi, aka zuba. Irinta ce hanyar Obajana zuwa Kabba a jihar Kogi mai tsawon kilomita 43 wadda kamfanin Dangote ya gina, kuma irinta ce ake yi a hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba da ta Sakkwato zuwa Badagry. Akwai kuma intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a kan yashi, waɗanda muka saba gani a gidajen mai da wasu layukan unguwa. Na ukun shi ne abin da muke magana a kai: titin kwalta yana nan, ya tsufa, sai a mayar da shi gindi, a ɗora masa rufin kankare mai kaurin santimita 5 zuwa 20 ko fiye.

Wannan na ukun ba sabuwar dabara ba ce. An rubuta cewa a 1918 aka yi shi a wani titi a garin Terre Haute na jihar Indiana a Amurka, kuma jihar Iowa ta shahara da rufe hanyoyin ƙauyukanta da shi. A 1991 aka gwada mai sirantaka ƙwarai a garin Louisville, shi ma a Amurka, kaurin santimita 5 da 9 kacal, a kan hanyar da manyan motocin shara ke bi, ya kuma jure fiye da yadda aka zata. Indiya ta ɗauke shi da ƙarfi a biranenta, musamman Bangalore, inda ya jawo yabo ya kuma jawo rigima. Za mu dawo kan rigimar, domin ta fi yabon amfani gare mu.

Babbar hanyar Abuja zuwa Kano da ta ratsa mu kuwa, ɓangarenta na Kaduna zuwa Zariya mai kimanin kilomita 73 da Shugaba Buhari ya buɗe a Mayun 2023, kwalta ce. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ne aka karɓe daga kamfanin Julius Berger a Nuwamban 2024 bayan saɓani a kan farashi, aka sake bayar da shi da sharaɗin kankare mai rodi. Ke nan matafiyi ɗaya zai taka iri biyun a tafiya ɗaya, ya yi nasa hukuncin.

Yadda kwalta ke mutuwa

Abin da muke kira kwalta tsakuwa ce da yashi da aka cuɗa da baƙin danƙon da ake samu daga ɗanyen mai. Danƙon kaɗan ne, wajen kashi 5 cikin 100 na nauyin haɗin, amma shi ke riƙe komai. Halinsa kuwa shi ne ya yi laushi idan ya ji zafi, ya ƙeƙashe idan ya tsufa.

Wanda yake son ya gane bambancin kayan biyu, ya dubi tabarma da ƙyauren katako a kan rairayi. Ka taka tabarma, nauyinka duk a ƙarƙashin ƙafarka yake sauka, sawunka ya fito. Ka taka ƙyaure, nauyin ya bazu a faɗinsa. Kwalta tana bin ƙasar da ke ƙarƙashinta duk inda ta lotsa. Kankare ba ya lanƙwasa, yana raba nauyin ne a fili mai faɗi, amma idan ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa ba ya lotsawa a hankali, karyewa yake yi.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin iska a Zariya ke kusantar digiri 40, fuskar baƙar kwalta na iya haura 60. A wannan yanayin, duk inda tirela ke tsayawa ko taka burki ko jan ciki a hankali, kwaltar tana matsewa gefe, sai ka ga kwari biyu a sawun taya da tudu a tsakiya. Shi ya sa shataletale da mahaɗar hanyoyi da wuraren da manyan motoci ke fakin suke riga sauran titin lalacewa. Ƙari a kan haka, man dizal da baƙin mai suna narkar da danƙon, tun da asalinsu ɗaya. Tankar da ta kwana tana ɗiga a gefen titi, da bakaniken da ke juye baƙin mai a kan kwalta, suna cin titin ne ba tare da sun sani ba. Kankare bai damu da zafin rana irin wannan ba, kuma dizal ba ya narkar da shi. A nan ne ƙarfinsa yake.

Sai batun lodi, wanda mutane da yawa ba su san girman lissafinsa ba. Daga 1958 zuwa 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka yi ta zagaya manyan motoci a kan tituna iri-iri har suka lalace. Abin da aka gano ya zama ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita har yau: ɓarnar da layin taya ɗaya, wato tayoyin da ke jere a kan ƙarfe ɗaya, ke yi wa titi ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba. Idan ka ninka nauyin sau 2, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. Layin tayar da ya kamata ya ɗauki tan 10, idan aka lafta masa 15, ɓarnarsa ta ninka sau 5. Ƙananan motoci da Keke Napep da babura, komai yawansu, kusan ba sa shiga wannan lissafi. Zariya kuwa mararraba ce. Kayan da ke zuwa Kano daga Legas, hatsin da ke fitowa ta Funtuwa da Giwa, masarar Saminaka ta hanyar Pambeguwa, siminti da taki da fetur, duk ta kanmu suke bi.

Rufi iri biyu

Na farko shi ne mai manne. A nan ana son kankaren ya kama kwaltar su zama jiki ɗaya, su ɗauki nauyi tare. Saboda haka sai injin kankara ya bi titin ya goge saman kwaltar da ya mutu, ya bar fuskar da kaushi, a share ta tas, sannan a zuba kankare siriri, santimita 5 zuwa 15. Sharaɗinsa mai tsauri ne. Dole kwaltar da ta rage bayan kankarewa ta kasance lafiyayya, kuma kaurinta kada ya gaza wajen santimita 7 da rabi. Sannan ana yanka kankaren ƙanana-ƙanana, kowane fale, wato yanki ɗaya, bai wuce mita 1 da ɗoriya zuwa mita 2 ba, a kuma kiyaye kada layin yankan ya faɗa daidai inda taya ke bi. A irin wannan ba a cika sa rodi ba, sai dai a zuba zare-zaren roba ko na ƙarfe a cikin kwaɓin don su riƙe tsaga.

A nan ne matsalarmu ta farko take. Titunan unguwa da yawa a garuruwanmu ba su taɓa samun kwalta mai wannan kaurin ba. Wasu santimita 4 ko 5 aka shimfiɗa musu a kan jar ƙasa. Wasu ma feshi ne kawai, an watsa danƙo an barbaɗa tsakuwa an bi da rola. Irin wannan titi babu abin da za a kankare a kansa, balle a manna.

Na biyu shi ne mara manne. Ba a dogara da ƙarfin tsohuwar kwaltar ba, an ɗauke ta ne a matsayin shimfiɗa kawai. Sai a cike ramuka, a daidaita kwarin sawun taya, a zuba kankare mai kauri, yawanci santimita 15 zuwa 25 ko fiye gwargwadon lodin da hanyar ke ɗauka, kamar dai sabuwar hanya ake ginawa a kan gindin da aka tarar. A mahaɗar fale da fale ana saka sandunan ƙarfe masu santsi domin idan taya ta tsallaka, nauyin ya ratsa daga wannan zuwa wancan ba tare da ɗaya ya nutse ba. Ana kuma iya yin sa da rodi a miƙe ba yanka, irin wanda ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta fi so a manyan hanyoyi. Wannan nau'in ya fi haƙuri da tsohon titi mai tsaga, amma ya fi cin kuɗi, ya kuma fi ɗaga titi sama.

Kafin a zaɓi ɗaya, ba da ido ake dubawa ba. Ana huda titin a wurare da dama a ciro gunduwa-gunduwa a auna kaurin kwaltar a ga ko ruwa ya raba danƙon da tsakuwa, a kuma gwada ƙarfin ƙasar da ke ƙasa. Wannan aiki ne da ba sai an nemo wani daga waje ba a garin da ke da Sashen Injiniyan Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a hanyar Basawa, da Kwalejin Nuhu Bamalli.

Ciwon da kankare ba ya warkarwa

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, kuma kusan dukkansa a cikin watanni biyar yake sauka, mafi yawa a Agusta. Jar ƙasar da ake yi wa titunanmu ciko da ita tana da ƙarfi matuƙar tana bushe. Da ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙarfin ya tafi. Mafi yawan ramukan da muke zagin 'yan kwangila a kansu ba daga sama suka fara ba, daga ƙasa suka faro: lambatu ya toshe da leda da yashi, ruwa ya kwanta a gefen titi, ya tsima gindin, tirela ta zo ta taka.

Ka ɗora kankare a kan irin wannan gindin, shekarar farko da ta biyu kowa zai yaba. Amma ruwan yana nan a ƙasa. Duk lokacin da babbar mota ta taka bakin fale, sai ya ɗan danna, ruwa mai laka ya tsarto ta mahaɗar. Kowane tsartuwa yana fitar da ƙasa kaɗan. A hankali kogo ya samu a ƙarƙashin falen, kusurwarsa ta karye, ko wani fale ya fi wani tsawo mota ta riƙa dukan mataki. To a nan ne tsugune ba ta ƙare ba, domin ramin kwalta ma'aikata biyar da tifa ɗaya za su yi masa faci kafin la'asar, amma karyayyen fale sai an yanka shi da inji, an farfasa, an kwashe, an huda maƙwabtansa an saka ƙarfe, an zuba sabo, an tsare shi kwanaki.

Saboda haka duk wanda ya ce zai rufe titin da ke cikin kwari ko kusa da fadamar Kubanni da kankare, tambayar farko da za a yi masa ba ta kankare ba ce. Ina ruwan zai bi? Wane kwalbati za a faɗaɗa? Wa zai riƙa yashe magudanar? Idan babu amsa, kuɗin simintin nan gara a zuba shi a magudanar, a bar kwaltar.

Yanzu sai rigimar Bangalore. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken mazauna birnin shi ne, da aka ɗora kankare titin ya yi sama, gidaje da shaguna suka koma ƙasa, ruwan sama ya riƙa gangarowa cikinsu. Santimita 20 ba wani abu ba ne a takarda. Amma ka je cikin birni, ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ka dubi zaurukan da dokin ƙofarsu ya riga ya yi daidai da titi saboda cike-ciken shekaru, wasunsu ginin ƙasa ne. Ka ƙara wa titin taƙi guda, ka mayar da zauren mutum magudana. Haka a Sabon Gari, inda shaguna ke manne da bakin titi. A ƙarƙashin gadar sama kuwa, irin ta Kwangila, duk abin da ka ƙara wa titi ka rage shi ne daga tazarar da doguwar mota ke wucewa, don haka a irin wurin sai an haƙe ƙasa tukuna.

Akwai kuma abin da ke binne. Garin da ya daɗe yana fama da aikin ruwan famfo, bututu na nan a ƙarƙashin tituna da gefensu, wasu tsofaffi wasu sababbi, ga wayoyin kamfanonin sadarwa. Al'adarmu ita ce a gama titi yau, jibi wani ya zo da diga ya tsaga shi don ya ja ruwa zuwa gidansa. Kwalta tana shanye wannan wulaƙanci da ƙyar. Kankare ba ya shanyewa. Inda aka yi abin da hankali, kafin a zuba sai an sauya tsofaffin bututu, an kuma binne bututun wofi a tsallake titin a kowace 'yar tazara domin mai buƙata ya zura nasa ba tare da fasa ba.

Mako na farko shi ne rayuwar titin

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke sa shi ƙarfi, kuma haɗuwar tana ɗaukar lokaci. Duk mai buga bulo ya san haka, shi ya sa yake ban ruwa safe da yamma. A kwana 7 kankare yana kaiwa wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin. Idan ruwan jikinsa ya gudu da wuri, ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa.

Yanayinmu kuwa bai yi wa mai wannan aiki sauƙi ba. Da damina ruwan sama na iya wanke fuskar ɗanyen kankare. Da bazara tsohuwar kwaltar da za a zuba a kanta ta yi zafin da sai an yayyafa mata ruwa ta huce, in ba haka ba ta tsotse ruwan kwaɓin daga ƙasa. Hunturu ya fi su duka sharri, duk da shi ne lokacin da 'yan kwangila suka fi son aiki. Busasshiyar iskar nan da ke fasa leɓe da diddige tana zuƙe ruwan saman kankare cikin sa'o'i kaɗan, fuskar ta tsattsage tun bai kama jikinsa ba. Sannan ga rana da zafi, dare da sanyi, saman falen yana miƙewa yana ƙanƙancewa daban da ƙasansa, kusurwoyi su riƙa ɗagawa. Maganin sananne ne: a zuba da yamma ko da dare, a fesa maganin riƙe danshi nan take ko a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, a tsare ban ruwa aƙalla mako guda.

Yankan ma yana da lokacinsa. Kankare dole ya tsage yayin da yake ƙanƙancewa, don haka ake riga shi a yanka masa layi mai zurfin kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kaurinsa, tsagar ta bi nan. Wannan yanka a cikin yinin farko ake yin sa, sau da yawa tsakar dare yake faɗawa. Mai injin ya yi barci ya ce sai da safe, ya tarar titin ya zaɓi inda zai tsage da kansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan fanni shi ne ha'incin kankare ba ya nuna kansa ranar buɗe titi. An rage buhu ɗaya a kowane kwaɓi, an yi amfani da yashi mai laka, lebura ya ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, duk ranar yanke kirtani fari tas za ka gan shi. Sai bayan damina biyu ko uku. Abin da ke tona asiri shi ne a ɗebi samfuri daga kowace zuba a kai ɗakin gwaji a matse shi, a kuma huda titin bayan an gama a auna kaurinsa kafin a biya kuɗi.

Lissafin buhuna da dala

Hujjar masu goyon bayan kankare mafi ƙarfi ba ta injiniya ba ce, ta kuɗi ce. Danƙon kwalta daga waje ake shigo da shi da dala, duk da ɗimbin arzikinsa da ke kwance a ƙasa a yankin Agbabu na jihar Ondo, kuma duk da cewa matatar mai ta Kaduna an gina ta da sashen da zai iya samar da shi. Da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, kuɗin kwalta ya yi tashin gwauron zabo. Siminti kuwa a gida ake yin sa: Obajana, Gboko, Ashaka, Kalambaina ta Sakkwato, Okpella. Tsakuwa da yashi muna da su.

Amma a lura, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan masana'antu a jihar Kaduna. Kowane buhu sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan tirela mai shan dizal, yana kuma taka titunan da ake son gyarawa. Mu yi lissafi mai sauƙi. Titi mai faɗin mita 7.3, tsawon kilomita 1, kaurin rufi santimita 15, zai ci kankare kimanin kubik mita 1,100. Kankaren titi yana son buhu 7 zuwa 8 a kowace kubik mita. Ke nan wajen buhu 8,000 a kilomita ɗaya, lodin tirela 13 ko 14 masu ɗaukar buhu 600, ban da ƙarfe, ban da magudana. Idan hanyar mai tagwaye ce, ka ninka.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke tara bulo yana son ya rufa wa iyalinsa asiri a Dogarawa ko Gwargwaje yana da dalilin damuwa. A Fabrairun 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta kira manyan kamfanonin aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Masu kare tsarin suna cewa masana'antun suna da ƙarfin yin fiye da abin da ƙasar ke sha, don haka aikin titi ba zai jawo ƙaranci ba. Gaskiya ne ta fuskar yawa. Sai dai kasuwar da kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge, suka riƙe kusan dukkanta, ba yawan kaya kaɗai ke yanke farashi a cikinta ba.

Batun daɗewa kuma, Ministan ya sha cewa hanyar kankare za ta kai shekara 50. A littafin injiniyoyi, ana tsara sabuwar hanyar kankare ta yi shekara 30 zuwa 40, ta kwalta 15 zuwa 20. Rufi siriri mai manne ba ya cikin ajin shekara 50, ya fi kusa da shekarun kwalta mai kyau. Duk da haka a ƙasar da ba a ware kuɗin gyara a kan lokaci, inda hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA da aka kafa a 2002 take bin ramuka a baya kullum, abin da ke buƙatar taɓawa kaɗan yana da daraja ta musamman. Kwalta tana son a riƙa shafa ta duk bayan 'yan shekaru, mu kuwa ba ma shafawa. Wannan hujja ce ta gaske, kuma ina ganin ita ce ta fi duk sauran nauyi.

Direba da ɗan acaɓa da mai shago

Maganar cin taya tana da ƙamshin gaskiya, amma an kambama ta. Ana ja wa ɗanyen kankare tsintsiya ko matsefin ƙarfe da gangan don ya yi kaushi, taya ta samu abin kamawa idan an yi ruwa. Kaushin yana ƙara ƙara, yana iya ɗan ƙara goge taya. Fashewar taya a kan hanya kuwa, mafi yawanta daga lodi ne da ƙarancin iska da tayar gwanjo da ta riga ta gama shekarunta a wata ƙasa. Abin da ya kamata ɗan acaɓa ya ji tsoro shi ne akasin haka: kankaren da aka goge sumul aka bar shi ba kaushi, wanda yayyafin farko zai mayar da shi santsi. Na biyu kuma bakin titi. Idan an ɗaga tsakiya ba a cike kafaɗar ba, babur ko Keke da tirela ta matse gefe zai faɗa daga mataki. Da dare farin titi ya fi haske, wannan riba ce ga mai tafiya a ƙasa.

Mai shago kuwa, nasa ciwon na lokacin aiki ne. Kwalta da an bi ta da rola ta huce, a ranar mota ke hawa. Kankare sai an tsare shi kwanaki, sai dai in an yi kwaɓi na musamman mai saurin kamawa, shi kuma ya fi tsada. Tsare ɗanyen titi mako guda a unguwar PZ ko bakin kasuwar Sabon Gari, inda mai babur ke ɗage shingen da kansa ya wuce, aiki ne da sai an haɗa da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi tun kafin a fara, a kuma yi shi ɓari-ɓari.

To, ina ne a Zariya?

Titunan garin ba na mutum ɗaya ba ne. Hanyar Kaduna zuwa Kano da ta Sakkwato da ta Pambeguwa na tarayya ne, wasu na jiha, layukan unguwa kuma sun rataya a wuyan ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, waɗanda buhu 8,000 a kilomita ya fi ƙarfin aljihunsu.

A ganina, wuraren da rufin kankare zai biya kuɗin sabulu ƙalilan ne kuma sanannu. Su ne inda manyan motoci ke tsayawa, juyawa da taka burki a kan gindi mai ƙarfi: mahaɗar Kwangila da hanyoyin da ke shiga cikinta, gefen hanya a Ɗanmagaji inda tireloli ke yada zango, shataletale, bakin tashoshi da wuraren sauke kaya, da sassan hanyar Sakkwato da suka ratsa Samaru zuwa Shika idan gwaji ya nuna kwaltarsu na da kauri. A irin waɗannan wurare mita 300 ko 500 na kankare mai kauri zai kashe facin da ake maimaitawa kowace shekara, kuma ɗan gajeren aiki ya fi sauƙin sa ido fiye da kilomita 50.

Layukan cikin birni da na Tudun Wada da Gyallesu kuwa, inda lodi ba shi da yawa amma ruwa da bututu da ƙofofin gidaje suka yi yawa, magudana ce gaba da komai. Bayan ita, intalok ya fi dacewa da su, domin idan bututu ya fashe ana tsince tubalan a gyara a mayar, kuma samarin unguwa da birkiloli na gida za su iya aikin. Sabuwar kwaltar Kaduna zuwa Zariya da ta Kano ba rufi suke buƙata yanzu ba. Abin da zai tsawaita ransu shi ne ma'aunin lodi mai aiki a bakin hanya, da toshe tsaga tun tana ƙarama kafin ruwan Agusta ya same ta.